Ashafa Dillali da Cinikin Jami'o'i Biyu

Duk wanda ya taɓa jan akuya zuwa karar Kankiya ya san Ashafa Dillali, in bai san fuskarsa ba to ya san muryarsa. Dogo ne siriri, hularsa kullum a karkace, da sanda wadda bai taɓa dogarawa ba sai dai nuni. Abin da ya fi tinƙaho da shi a duniya shi ne wai tun da ya fara dillanci bai taɓa sallama kaya a tayin farko ba. Yakan ce ko ranar haihuwarsa sai da ungozoma ta yi tayi uku kafin ya yarda ya fito. 'Yan majalisar Bube mai shayi sun ji wannan magana har sun haddace. Sun kuma san rabin dabbobin da ake danƙa masa da safe, masu su ke kora su gida da yamma, don ya yi ta cewa albarka har kasuwa ta watse. In aka tuna masa sai ya ce dabbar ce ba ta da rabon barin gida.

Allah ya ba shi 'ya mai ƙwaƙwalwa, Ruƙayya, ta uku a ɗakin matarsa Kulu. Yarinya ce marar hayaniya, wadda in ta sa littafi a gaba sai tuwo ya huce ba ta sani ba. Da ta gama sakandare ta fito da sakamakon da ba a taɓa gani ba a makarantarsu, jarrabawar shiga jami'a kuwa ta ci makin da ya sa shugaban makarantar, Malam Abdulmannan, ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa. Shi ya zaunar da ita ya cika mata takardun neman tallafin karatu, irin wanda jami'o'i masu zaman kansu ke ware wa ɗaliban da suka yi zarra.

Wata ranar Alhamis da la'asar sai ga Malam Abdulmannan a zauren Ashafa da ambulan biyu, fuskarsa kamar an yi masa bushara da Aljanna. Ya yi bayani dalla-dalla. Wata jami'a a Abuja ta ba Ruƙayya gurbin karatun likita, ta ɗauke mata kuɗin makaranta da ɗakin kwana da abinci har ta gama, kuma gurbi ɗaya tak suka ware wa shiyyar Kankiya da Kusada. Wata kuma a Kaduna ta ba ta karatun gwaje-gwajen asibiti, da kuɗin makaranta da ɗaki, abinci dai nata. Abin da ya rage kawai a sa hannu a takardar amincewa a mayar. Ta Abuja ta ba da mako uku, ta Kaduna ta ƙara kwana biyu a kai.

Ashafa ya karɓi takardun ya auna su a tafin hannu kamar mai taɓa ƙugun rago.

"Wato su biyu ke so?"

"Su biyu. Sai dai ta Abuja ba ta da na biyu, ita za a ɗauka."

"Albarka," in ji Ashafa, ya zura ambulan ɗin a aljihun gaba.

Malam ya zaci bai ji daidai ba. Ya ce ai wannan ba tayi ba ne, kyauta ce don hazaƙar yarinya. Ashafa ya yi irin murmushin da babba ke yi wa yaro ya ce, "Malam, kai alli ka sani, ni kasuwa na sani. Mai kuɗi ba shi tasowa daga Abuja neman ɗiyar dillali don Allah da Annabi. Kaya suka gani. In kuwa masu saye biyu suka haɗu kan kaya ɗaya, wawa kaɗai ke sallamawa ranar farko."

Malam ya yi magiya har aka kira magariba, ya tafi da takalmansa kawai.

Washegari majalisar Bube ta sha labari. Ashafa ya zauna kan benci ya harɗe, ya lissafo abin da zai tatsa kafin ya saki ɗiyarsa: babur sabo don ya riƙa kai mata ziyara, taki na damina biyu, kujerar Umara ga Kulu, sannan la'adarsa. Bube ya tsaya da buta a sama ya tambaye shi, shi ne mai kaya shi ne dillali, wa zai biya shi la'ada? Ya ce duka biyun, wanda ya saya da wanda ya rasa, don ya ba su damar tayi. Aka yi dariya. Bube ya ce shi dai ya san ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ashafa ya ce shi ya sa shekara ashirin Bube ke soya ƙwai bai taɓa mallakar kaza ba.

A nan gaban jama'a ya buga lambar da ke jikin takardar Abuja, ya saki murya kowa ya ji. Wani mai suna Malam Manu ya ɗauka, jami'in ɗaukar ɗalibai, mutum mai sanyin magana. Ya taya Ashafa murna. Ashafa ya ce murna tukuna, don na Kaduna sun riga sun sa babur a kan nasu tayin, yana so ya ji abin da Abuja za ta ce. Malam Manu ya ce abin da ke cikin takarda shi ne abin da ke akwai, kuma in wa'adi ya cika ba a sa hannu ba, gurbin zai koma ga mai bi mata a jeri. Ashafa ya kashe wa majalisa ido, ya ce to a sauka lafiya, ya katse waya tun mutumin bai rufe baki ba. Ya bayyana musu cewa mai sayen da ya ce akwai wata saniyar a gaba, ya riga ya saya a zuci. Kafin azahar zai bugo.

Azahar ta yi, la'asar ta yi. Kwana uku Ashafa na riƙe da waya kamar jinjiri, ko alwala zai yi sai ya ɗora ta kan bango inda ido ke kai. A rana ta huɗu ta yi ƙara yana tsakiyar majalisa. Bai ko duba lamba ba, ya ɗaga hannu a yi shiru, ya gyara murya ya kara a kunne. Bai bari mai bugowa ya kai ƙarshen zance ba ya ce, "Albarka. Ɗaya kawai? Sai an ƙara." Ashe yayan Kulu ne daga Fakuwa, yana sanar da shi Allah ya yi wa gwoggonsu rasuwa. Sai da Ashafa ya yi zaman makoki na kwana uku cur a Fakuwa yana ba da haƙuri, surukai na amsa gaisuwarsa da ƙyar, tsofaffin gidan na leƙowa su ga mutumin da ya ce mutuwa ɗaya ta yi kaɗan.

Bai dandara ba. Yana dawowa ya bugi ta Kaduna. Mace ce ta ɗauka, Hajiya Halimatu Sa'adiya. Ya shaida mata cewa na Abuja sun kai tayinsu har mota, amma shi mutum ne mai son zumunci, Kaduna ta fi kusa, in ta motsa kaɗan zai duba. Hajiya ta ce mota guda? To ai sai su yi maza su karɓa, Allah ya sanya alheri. Ta ajiye wayarta. Ashafa ya daɗe yana kallon tasa, sannan ya girgiza kai cikin jinjinawa ya ce wa majalisa lallai wannan mata a kasuwa aka yanke mata cibiya.

A gida kuwa ba dariya ake ba. Ruƙayya ta daina cin abincin kirki. Kowace safiya in ta durƙusa gaishe shi sai ta ɗan tsaya, idonta kan aljihun da takardun ke ciki, sannan ta tashi. Kulu ce mai magana. Ta ce masa yarinyar nan tun tana aji uku take cewa likita za ta zama, Allah ya kawo har gida, ya sa hannu ya huta. Ya ce ta bar masa harkar waje. Ta ce garin neman gira fa ake rasa ido. Ya ce in ta dawo daga Umara ta maimaita masa wannan karin maganar.

Abin da ya ƙara masa ƙarfi shi ne sauyin da ya gani wajen Bube. Mutumin da ke yi masa ba'a, cikin mako na biyu sai ya juya ya zama babban mai zuga shi. Ashafa na isowa za a share masa benci, a haɗa masa shayi mai kauri da madara har biyu, a ce ya bar kuɗinsa. Bube ya riƙa cewa shi da bai fahimta ba ne, amma yanzu ya gane duk Kankiya ba mai kai irin na Ashafa. "Kada ka sallama," in ji shi. "Riƙe wuta. Waɗanga mutane na Abuja sai an nuna masu ba yunwa ake ba." Ashafa ya riƙa kurɓar shayi yana cewa gaskiya ko ta daɗe sai ta yi halinta.

Ana saura kwana biyar wa'adin Abuja ya cika, Malam Abdulmannan ya sake zuwa. Ya ce ranar Asabar za a yi bikin yaye ɗalibai, kuma wakilan jami'o'in biyu za su halarta, kamar yadda suke zagaya makarantu suna miƙa takardun yabo. Amma wa'adin Abuja ranar Alhamis yake cika, don haka ya roƙe shi don girman Allah ya sa hannu yau. Ashafa ya kama abu ɗaya daga duk maganar: za su zo. Wa'adi Alhamis, su kuma suna tafe Asabar da ƙafarsu. Wane mai saye ne ke biyo kaya har gida bayan ya ce ya fasa? Ya sallami Malam, ya shiga shirin gwanjo.

Da farko ya je shagon masu buga takardu ya sa a yi masa ƙyalle mai faɗin zaure, da hoton Ruƙayya da makinta. Da ya ga makin a rubuce sai ya ga bai cika ido ba, ya sa aka mayar da shi ɗari huɗu da hamsin, don ko rago sai an wanke shi kafin a kai kara. Mai shagon ya ce jarrabawar gaba ɗayanta fa a kan ɗari huɗu take. Ashafa ya ce hamsin ɗin gyara ce.

Sannan ya hau mota zuwa Yashe wajen abokinsa Gajere, mai facin taya a bakin titi. Kowane dillali ya san ciniki ba ya zafi sai da mai tayin ƙarya, wanda zai tsaya gefe yana ɗaga farashi. Gajere ya taɓa zama a Makka shekara biyu kafin a kamo shi a dawo da shi, ya kuma dawo da kalmomin Larabci da ba su kai yatsun hannu ba. Ashafa ya ce shi ne zai zama wakilin wata jami'a ta ƙasar Masar. Gajere ya ce shi fa ko allo bai sauke ba. Ashafa ya ce ba karatu za a tambaye shi ba, duk abin da aka faɗa ya shafa gemu ya ce mafi mushkila, shi Ashafa zai fassara. Ladansa kan rago da ƙafafu. Aka aro jallabiya da jar dara da tabarau baƙi, aka yi gwaji sau biyu a bayan rumfar faci, wani direban tirela da ke jiran tayarsa yana kallo yana tambaya ko wasan kwaikwayo za a yi.

Alhamis ta zo ta wuce. Ruƙayya ta wuni a ɗaki. Ashafa ya wuni a majalisa, ranar har da ƙwai uku Bube ya soya masa.

Ranar Asabar filin makaranta ya cika. An kafa rumfuna, iyaye maza gefe, mata gefe, har da mutanen Kusada da Kunduru da 'ya'yansu ke karatu a nan. Ashafa ya zo tun da hantsi cikin babbar riga mai aiki, ya ɗaure ƙyallensa tsakanin itatuwan darbejiya biyu. Ɗalibai suka taru a ƙarƙashi suna nuna makin suna ƙyaƙyatawa, shi kuwa ya ɗauka sha'awa ce. Abu ɗaya ke damunsa, Gajere bai iso ba. Sai da aka fara jawabai ya ga an sauke shi daga babur a bayan ajujuwa, yana haki, yana cewa wata mota ce ta tsare shi da faci. Ashafa ya zura masa jallabiya, wadda ta yi masa tsawo har tana share ƙasa, ya kafa masa dara, ya ce ya ɓoye hannuwan nan baƙaƙe cikin hannun riga kada ya kuskura ya fito da su.

Ba a jima ba baƙi suka iso. Abin da Ashafa bai yi tsammani ba, mota ɗaya ta kawo su. Malam Manu ya fito ta gaba, Hajiya Halimatu ta baya, suna hira suna dariya kamar 'yan gida ɗaya. Ashafa ya ce a ransa ai ko a kara masu saye kan sha fura tare.

Da aka zo kan ɗalibar da ta fi kowa, aka kira Ruƙayya ta karɓi kyautarta, sannan bisa al'ada aka nemi mahaifinta ya yi godiya a taƙaice. Malam Abdulmannan ya miƙa masa abin magana. Ashafa ya karɓa, ya buga shi da yatsa sau uku, ya ce shi ba godiya ta kawo shi ba, ciniki ya kawo shi. Ya nuna ƙyalle da sanda ya ce ga kaya nan kowa ya gani, ba ciwo ba tabo. Abuja na so, Kaduna na so, ga kuma babban baƙo takanas daga Masar, Shehi Gajiruddini, wanda ya zo da tayin jirgin sama da gida. Don haka yau za a yi ta a fili, wanda ya fi tayi ya ɗauka.

Ruƙayya na tsaye da kyautarta a hannu, ta sunkuyar da kai har haɓarta na taɓa ƙirji. Gajere ya taso daga inda aka ɓoye shi, ya taka bakin jallabiya ya yi tuntuɓe, ya ware hannu biyu don kada ya kifa, sai ga tafukan nan baƙi ƙirin a gaban jama'a.

Hajiya Halimatu ta sauke tabarau ta dube shi da kyau. Ta juya ga Malam Manu ta ce, a muryar da abin magana ya ɗauka, "Wannan ba shi ya yi mana faci a Yashe ɗazu ba?"

Malam Manu ya miƙe cikin ladabi, ya fuskanci Shehin Masar, ya zuba masa Larabci tiryan-tiryan, ashe a can ya yi digirinsa. Gajere ya shafa gemu ya ce mafi mushkila. Ashafa ya yi caraf ya ce Shehi na nufin ya ƙara mota a kan jirgin.

"A'a," in ji Malam Manu. "Tambayarsa na yi ko shi ne ya karɓi kuɗin sabon tib ya sa mana tsoho. Ya ce ba matsala."

Wani dattijo daga cikin mutanen Kusada ya ce wallahi Gajere ne, ga ma takalmansa na taya. Dariya ta ɓarke tun daga rumfar maza har ta mata. Gajere ya cire dara ya riƙe a hannu, ya ce shi dai kan rago aka ce za a ba shi.

Da aka lafa, Hajiya ta ce tun da abin ya zama na fili, tana so ta ga motar da aka ce Malam Manu ya yi alkawari. Malam Manu ya ce shi ma tun daga Zariya yake tambayarta ina ta ajiye babur ɗin. Ya ce aikinsu ɗaya, shekara goma suna zagaya makarantu tare, kuma tun ranar da Ashafa ya bugo musu suka gaya wa juna. Sannan ya buɗe jakarsa ya fito da takarda, ya ce shi abin da ya kawo shi Kankiya daban ne. Wa'adin gurbin likita ya cika shekaranjiya ba a mayar da amsa ba, don haka ya koma ga ɗalibar da ke biye a jeri, kuma mahaifinta ya sa hannu tun jiya da safe. Ya kira sunan Sumayya Bube.

Guɗa ta tashi daga wani ɓangare na rumfar mata. Ashafa ya zabura. Ya ƙanƙame abin magana ya ce, "Tsaya, Malam. Na sallama. A yadda ka taya da farko, na sallama."

"Kasuwar ta tashi tun Alhamis, Malam Ashafa."

Ya waiga yana neman Bube. Ga shi can a sahun gaba cikin sabuwar shadda, ya taso zai raka 'yarsa karɓar takarda. Da ya zo wucewa Ashafa ya riƙe masa hannun riga ya ce ashe ya sani. Bube ya ce shi Malam Manu ya bugo wa tun mako biyu da suka wuce cewa Sumayya ce ta biyu a jeri, ya zauna da shiri. Ashafa ya ce to shi ne ya yi ta zuga shi? Bube ya zare rigarsa a hankali ya ce, "Ni shayi na ba ka. Albarkar kai ka yi ta faɗa da bakinka."

Hajiya Halimatu ta tattara jakarta. Ta ce ta ga abin da ya ishe ta, nata wa'adin yau yake cika, kuma da zarar motar nan ta bar harabar makaranta, shi ke nan. Malam Abdulmannan ya bi ta yana ba da baki, jama'a suka ɗunguma a baya, Ashafa a can ƙarshe yana jan sanda. Da aka isa wajen mota sai aka tarar tayar baya ta kwanta ƙasa shame-shame. Facin Shehin Masar bai kai azahar ba. Direba ya kamo Gajere yana shirin sulalewa, ya danƙa masa jak, Gajere ya durƙusa cikin jallabiyar aro yana kwance ƙusoshi, yara na kewaye da shi suna ce masa mafi mushkila.

Hajiya ta tsaya a inuwa tana fifita da takarda. Can ta hango Ruƙayya a raɓe jikin bango, ta yafito ta. Ta ce mako uku ana ciniki a kanta, ba wanda ya ce ga abin da ita take so. Ruƙayya ta share ido da gefen hijabi ta ce, "Likita na so, Hajiya, ya wuce. Yanzu karatu nake so, ko wane iri ne."

Hajiya ta buɗe jaka ta zaro sabuwar takardar amincewa ta shimfiɗa kan mota. Ashafa ya matso yana gyara hula. Jin ƙamshin ciniki ya sa ransa ya ɗan dawo, ya fara cewa tun da dai an zo nan, in Hajiya za ta sa ko da abincin ne a kai, a matsayin gyara. Bai ƙarasa ba ya ji an ture shi gefe. Kulu ce, wadda tun da aka kawo ta gidansa bai taɓa jin ta ɗaga murya a gaban maza ba. Ba ta ko dube shi ba. Ta tambayi Hajiya ko takardar ta ce lallai sai uba. Hajiya ta ce uba ko uwa aka rubuta. Kulu ta ce ba ta iya rubutun boko ba, amma tana da babban yatsa. Aka shafa mata tawadar biro, ta danna shi kan takarda da ƙarfin da sai da murfin motar ya lotsa.

Mako guda Ashafa bai leƙa majalisa ba, ya koma shan shayi a wata rumfa can bakin tasha. Amma bakin da ya saba ba ya zama a rufe. Kafin wata ya ƙare an ji shi yana gaya wa baƙin da ba su san zancen ba cewa shi ya tsara komai, har facin tayar, don karatun likita shekara shida ne, ɗiyarsa kuwa ba ta da lokacin ɓatawa.

Ranar tafiya suka raka Ruƙayya tasha, shi da Kulu. Ga akwati, ga buhun garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji da Kulu ta kwana uku tana haɗawa, tun da abinci nata ne. A motar da ke gaba Sumayya ce za ta Abuja da 'yar jaka ɗaya. 'Yan matan biyu suka riƙe hannun juna suka yi sallama, ba wadda ta iya haɗa ido da 'yar'uwarta.

Kwandasta ya faɗi kuɗin mota da na kaya. Ashafa ya gyara tsayuwa, ya ɗaga sanda, ya ce wa ya gaya masa haka ake yi, ai sai a yi magana. Saura kujera ɗaya a motar, ga wata mata ta nufo da kayanta. Kulu ta kwance bakin zane ta biya yadda aka faɗa, ta tura Ruƙayya ciki, ta ja ƙofa ta rufe da kanta. Mota ta tashi.

Ashafa ya bi ta da kallo, sannan ya juyo ya ce wa Kulu, yadda 'yan tasha za su ji, ta yi gaggawa. Da ta bar shi da yaron nan minti biyar da ya sa an yi ragi.

"Na sani, Malam," in ji Kulu, tana ɗaure bakin zanenta. "Wajen ragi ba ka da na biyu. Likita aka kawo maka har zaure, ka yi ta ciniki sai da ka mayar da ita mai awon fitsari."

'Yan kamasho suka juya baya kafaɗunsu na rawa. Ashafa ya sa sandarsa a ƙasa ya dogara, ya bi bayan matarsa zuwa gida.